Kalmomi Biyar a Wuyan Hannu

Hoton ƙwaƙwalwa uku a cikin babban ambulan. Magani kala bakwai a leda. Fulas ɗin kofi. Boudin huɗu, hanjin da ake cusa wa nama da shinkafa, a naɗe cikin takarda, shinkafar cikinsu da sauran ɗumi. Sandar dogarawa, wadda ya ƙi riƙewa. Farar filasta naɗi ɗaya, da biro. Duk Verna ce ta haɗa kayan, ban da filastar da biron.

Motar Houston ta bar gonakin shinkafa a baya, ta fara hawa gadar Lake Charles. Alcide Guillory ya cinye kujera ɗaya da rabi. Matarsa Verna ta takure a rabin da ya rage, ta ɗora hannu biyu a kan jakarta. Ya san abin da ke ciki. Makullin a-kori-kurarsa ne, yau mako uku yana hannunta.

Ranar da ta karɓe shi, shinkafa da albasa ya fita sayowa a shagon da ke bayan cocinsu a Opelousas. Da la'asar 'yan sanda suka kira ta daga Alexandria, garin da ke tafiyar awa guda a mota. Sun same shi a gidan mai, ya kashe mota, yana tambayar mutane hanyar filin atisaye, wai ya makara koci zai yi faɗa. Shekara ashirin da biyu rabonsa da atisaye.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zaunar da shi a teburin kicin ta faɗa masa yadda za a yi, sannan ta rubuta ta manna a jikin firji don kada ya ce bai ji ba. Asusun tsofaffin 'yan wasa ya ba su ranar ganin likita karo na biyu, kuma babu na uku. Idan likita ya rubuta cewa ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni, hukuma za ta karɓe lasisinsa na tuƙi, asusun kuma zai ɗauki nauyin magani, ya turo mai jinya kwana huɗu a mako, ita ta ci gaba da aikinta a kicin ɗin makaranta. Idan kuwa ya sake yi wa likita wayo irin na bara aka rubuta lafiyarsa ƙalau, za ta ba shi makullinsa, ita ta wuce gidan yayarta Odessa a Galveston. Ba za ta zauna tana jiran waya ta biyu daga 'yan sanda ba.

A cikin motar ya miƙa hannu. Ta zuba masa kofi a murfin fulas.

"Kin ɓoye mini hula," ya ce.

"Ka faɗa jiya. Ka faɗa shekaranjiya."

"To yau ma na faɗa."

"Sai ka fizge ta wani, ai ka saba."

Shekara tara ya yi a babbar gasar ƙwallon Amurka, a sahun gaba, lamba sittin da takwas. Aikinsa ya duƙa, ya sa kai, ya hana ƙattin ɗaya ɓangaren isa ga mai jefa ƙwallo. A shekara taran nan sau biyu ƙwallon ta taɓa hannunsa, kuma duka biyun faɗuwa ta yi a gabansa. Sauran duk karo ne, kai da kai, sau sittin ko saba'in kowace Lahadi. Idan masu kula da lafiyar 'yan wasa suka ga mutum yana tangaɗi, ba sa tsayawa gardama da shi. Hularsa ta kwano suke ɗaukewa su ɓoye, tun da ba a shiga fili kai ba hula. Sau biyu aka yi wa Alcide haka. Duka biyun ya fizge ta wani ya koma.

Tun a sakandare suka koyi darasin, kuma ba koci ne ya koyar ba, manya ne ke gaya wa na baya. Likita ba abokinka ba ne. Idan ya tambaye ka, lafiya lau. Idan ya ɗaga yatsu, biyu ne, kusan kullum biyu ne. Idan ya tambayi sunan garin da ake, na kusa da kai zai raɗa maka. Wanda ya yarda ya zauna a benci mako ɗaya, zai dawo ya tarar da wani a gurbinsa.

Jiya da rana Rufus Celestine ya kira shi daga Port Arthur. Shekara bakwai suka yi kafaɗa da kafaɗa a sahu, Rufus a hagunsa. Watan jiya shi ma ya je gaban wannan likitan, Dokta Pruitt. Ya ce mutumin ba ya canza takardar tambayoyinsa, kalmomi biyar ɗin da yake ba kowa ya riƙe su ne dai tun bara. Shi ma wani tsohon ɗan wasa ne ya ba shi su. Ya karanto su a hankali, Alcide ya rubuta a guntun takarda ya cusa a safa. Rufus ya yi ta dariya, ya ce ya cinye jarrabawar tas, lasisinsa na aljihunsa, wa zai zaunar da su a benci da tsufansu. Da Alcide ya tambayi matarsa Earline, sai ya ce ta je wajen 'yarsu a Dallas ta ɗan huta. Tun yaushe? Tun bikin Ista, a Afrilu. Yanzu ana Oktoba.

Wani mutum da ya shigo a Lake Charles, sanye da kayan ma'aikatan matatar mai, ya daɗe yana satar kallonsa daga kujerar da ke gefe.

"Yallaɓai, a yi haƙuri. Ba kai ne Katanga ba?"

Alcide ya ce a da.

Mutumin ya gyara zama. Ya ce shi da mahaifinsa suka kalli wasan nan na cikin ƙanƙara a talabijin, wanda aka fitar da shi ranga-ranga mutum huɗu na ɗauke da shi. Mahaifin ya ce shi ke nan, an gama da mu. Minti goma sai ga lamba sittin da takwas ya dawo a guje da hular da ta yi masa kaɗan. Tsohon ya daka tsalle har ya fasa fitilar falo. Ya ce irin mazan nan an daina haifar su.

Alcide ya gyaɗa kai a wuraren da ya kamata. Ya ji labarin wasan nan daga bakin mutum ɗari, ya kalle shi a kaset, amma shi kansa bai taɓa tuna shi ba. Abu ɗaya ya rage masa daga ranar. Wani ɗaki mai warin man zafi, da likitan ƙungiya ya ɗaga yatsu a gabansa. Shi huɗu ya gani. Ya ce biyu. Likitan ya haska masa fitila a ido, ya daɗe yana dubawa, sannan ya kawar da kai ya ce da koci yaronka ne.

Mutumin ya leƙa wajen Verna ya ce lallai ranar uwargida ta yi alfahari.

"Ƙwarai," ta ce. "A otal sau huɗu ya tambaye ni ko ni ce mai gyaran ɗaki."

Mutumin ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba, ya daina. Ya cire hularsa ya roƙi a rubuta masa suna a bakin hular. Alcide ya zaro biro daga aljihun riga. Ya rubuta sunansa da lambar.

"Tun yaushe kake yawo da biro?" Verna ta tambaya.

"Saboda masoya."

"Masoya," ta ce, ta juya tana kallon bututun matatun mai ta taga.

A Beaumont direba ya ba da minti goma sha biyar. Alcide ya sauka ba tare da sanda ba, ya shiga ban-ɗaki ya kulle. Ya naɗe hannun riga. Wuyan hannunsa na hagu ya taɓa karyewa sau biyu, ba wanda zai yi mamakin ganin filasta a wurin. Ya naɗa ta zagaye uku, ya yanke da haƙori, kamar yadda ya yi dubban lokuta. A shekarunsa biyu na ƙarshe a wasa, a kan filastar yake rubuta wanda zai tare idan aka kira kaza, don ya fara mantawa tsakanin kiran da karon. Ba wanda ya sani sai Rufus.

Ya ciro takardar daga safa. Kyandir. Gada. Lemo. Doki. Madubi. Kowace kalma sai ya koma ya duba takardar kafin ya rubuta. Ya sauke hannun rigar, ya jefa takardar a masai ya ja ruwa.

Da ya fito sai ya ga motoci uku a jere, duk kala ɗaya. Ya tsaya. Rana ta dake shi a ka. Ya san yana jiran wani abu, ya san akwai inda za shi, amma wurin ba ya zuwa. Wata mata ta ratsa ta gefensa da akwati. Ya sa hannu a aljihu yana laluben makullin mota, babu. Gumi ya keto masa a baya. Can ya hango wata hula ruwan ɗorawa a tagar motar tsakiya, da fuska a ƙarƙashinta tana kallonsa. Ba ta ɗaga masa hannu ba. Ta bar shi ya nemo ta da kansa.

Da ya zauna Verna ta miƙa masa boudin ɗaya. Ta ce minti uku ya yi a tsaye. Ya ce iska yake sha. Ta ce iskar hayaƙin mota, lallai da daɗi.

Ofishin Dokta Pruitt yana bene na shida a wani dogon gini na gilashi. Kujerun ɗakin jira manya ne, an san irin mutanen da ke zuwa. Ƙatti biyu na zaune, ɗaya da matarsa, ɗaya shi kaɗai yana ta juya hula a hannu. Suka gyaɗa wa juna kai, ba wanda ya tambayi wani abin da ya kawo shi. A kan teburin mai karɓar baƙi akwai kalanda. Alcide ya karanta ranar, ya yi ta maimaitawa a zuci har aka kira sunansa.

Likitan dogo ne, mai furfura, hannunsa laushi. Ya riƙe hannun Alcide da nasa biyu, ya kira shi gwarzo, ya ce bara da ya gaya wa surukinsa wanda ya duba, mutumin bai yarda ba. Ya nuna wa Verna kujera a kusurwa, ya roƙe ta kada ta taimaka ko da ido. Ta ce ba ta da niyya.

Yau wace rana ce? Alcide ya faɗa da sauri kafin ta gudu. Wane gari muke? Houston. Likitan ya ce zai faɗi kalmomi biyar, ya riƙe su, zai tambaye shi anjima. Kyandir, gada, lemo, doki, madubi. Alcide ya maimaita bayansa. Wuyan hannunsa ya yi masa ƙaiƙayi.

Aka ce ya fara daga ɗari yana cire bakwai-bakwai. Ya ce casa'in da uku. Ya ce tamanin da shida. Daga nan sai fili fetal. Ya ce da ya iya lissafi ai da ba a biya shi don ya riƙa karo da mutane ba. Likitan ya ƙyalƙyale da dariya ya ce ya isa haka. Ya ba shi takarda ya ce ya zana agogo, ƙarfe sha ɗaya da minti goma. Alcide ya zana da'ira. Ya fara jera lambobi, suka taru duka a gefe ɗaya, sha biyu ta ƙare a inda shida ya kamata ta zauna. Ya daɗe yana kallon abin. Bai san inda zai sa hannuwan agogon ba.

"Ba koyon zane muka zo ba, gwarzo," likitan ya ce. Ya zare takardar ya tura ta ƙarƙashin fayil.

Ya ɗan yi masa hira, ya tambayi gwiwa, ya tambayi barci. Alcide ya ce lafiya lau. Ciwon kai? Lafiya lau. Fushi ba dalili? Alcide ya ce sai dai a tambayi uwargida, ita ce mai shi. Verna ba ta motsa ba.

"To, kalmomin nan biyar."

Alcide ya nemi su a kansa tukuna, don ya ba kansa dama. Akwai wani abu mai haske. Akwai dabba, ko ba dabba ba. Shi ke nan. Ya ɗora hannu a cinya, ya yi kamar yana susa, ya ja hannun rigar sama.

Kyandir, ya ce. Gada. Ta ukun gumin Beaumont ya jiƙa ta, tawadar ta baje. Ya sunkuya. Bai gani ba. Tabaransa na cikin jakar Verna. Ya ɗago hannun, ya ƙara ɗagowa, har filastar ta zo daf da hancinsa. Lemo. Doki. Madubi.

Da ya sauke hannun, idon likitan na kan filastar. Ba kuskure. Ya ga rubutun, ya ga tawadar da ta baje. Ya dubi Alcide a ido, ya daɗe. Sannan ya kawar da kai wajen taga, ya jawo takarda ya fara rubutu.

"Biyar cikin biyar," ya ce. "Da duk masu zuwa nan kamarka suke, da na rufe ofis."

Ɗakin ba ya warin man zafi, warin sabulun goge ƙasa yake. Amma Alcide ya san wannan juya kan. Ya san shi kamar yadda ya san sunansa. Shekara talatin yana ba da labarin yatsu biyu a wajen gashin nama da wajen aski, yadda ya yi wa likita wayo ya koma fili. Bai taɓa tsayawa a kan cewa likitan ƙungiyar ya haska masa ido ba. Mutumin ya gani. Ƙungiya na bukatar lamba sittin da takwas a fili, sai ya juya kai. Wannan ma ya gani, asusun kuwa ba ya biyan jinyar wanda aka rubuta lafiyarsa ƙalau. Kalmomi biyar da ba a canzawa shekara guda, suna yawo a waya daga Port Arthur zuwa Opelousas, kuma a ce mai su bai sani ba.

Verna ta tashi. Ta buɗe jaka, ta ajiye makullin a kan teburin likita, a gaban mijinta. Ta ajiye ledar magani kusa da shi, ta ce ta rubuta lokacin kowanne a jikin murfi. Ta ajiye tabarau. Ta ajiye tikitin komawa ɗaya, ta ce motar ƙarfe huɗu ce, ya nuna wa direba ya ce Lafayette, maƙwabcinsu zai ɗauke shi daga can. Ta raba boudin ɗin da ya rage, ta bar masa biyu.

"Ga hularka," ta ce.

Ya dubi makullin. Akwai ƙaramar hular kwano ta roba a jikin zoben, wadda ta saya masa shekarar da aka ɗauke shi wasa, fentin duk ya goge. Mako uku yana mafarkin nauyinsa a aljihu. Ya ga titin gidansu da safe, gilashi a sauke, hannu ɗaya a sitiyari. Ya ga Rufus a Port Arthur, da lasisinsa a aljihu, yana dariya shi kaɗai a waya.

"Likita," ya ce. "Ka ga wannan?"

Ya ɗaga hannun. Dokta Pruitt ya ce tsofaffin 'yan wasa da yawa suna naɗe wuyan hannu, shi ba likitan ƙashi ba ne.

"Da rubutu a jiki."

"Ban lura ba."

"Ka lura. Ina kallonka."

Ya kama bakin filastar da haƙori ya ja. Ta taho da gashi. Ya warware zagaye ukun, ya shimfiɗa ta a kan takardar da likitan ke rubutu, ya danna da babban yatsa har ta manne, kalmomin biyar suna kallon sama.

Murmushin likitan bai tafi duka ba. Ya ce ya fahimci yau rana ce mai nauyi. Ya ce an gama gwaji, ya riga ya sa hannu, akwai mutum biyu suna jira, idan akwai ƙorafi ana iya rubuta wa asusun, suna amsawa cikin wata uku. Ya rufe fayil ɗin da filastar a ciki, ya miƙe, ya zagayo tebur.

Verna ta riga ta buɗe ƙofa, jaka a kafaɗa. Ta tsaya da hannu a mariƙi, ba ta fita ba, ba ta dawo ba.

Gwiwoyin Alcide suka yi ƙara da ya tashi. Taku uku ne tsakaninsa da ƙofar, kuma ƙafafun ba su manta ba, gajeren taku, gefe-gefe, kafaɗa a buɗe. Ya riga likitan isa. Ya cire hannun Verna daga mariƙin a hankali, ya matsar da ita ciki.

"Madam, ki yi wa mijinki magana," likitan ya ce.

"Ka ce kada in taimaka ko da ido," ta ce. Ta koma kujerarta ta kusurwa ta zauna.

Likitan ya ce zai iya kiran masu gadi. Alcide ya ce ya kira, su zo su huɗu, da sun taru sai a buɗe fayil kowa ya karanta filastar. Ya ce agogon nan ma da aka tura ƙasa, a fito da shi a sa a sama.

"Verna, ɗauki makullin nan ki mayar jaka."

Ta ce tana iya ɗauka, amma ya sani in ya shiga wannan karon ba zai sake fitowa ba.

"Na ji. Ki rubuta a firji."

Ta miƙa hannu ta ɗauka. Zip ɗin jakar ya yi ƙara.

Alcide ya tura ƙofar da baya har ta rufe, ya jingina da ita, ya ware ƙafafu.

"Shekara tara aikina ke nan, likita, kada kowa ya wuce. Ka zauna. Ka ɗauko sabuwar takarda da sababbin kalmomi. Ba mai fita ɗakin nan sai ka rubuta abin da ya rage a kaina."